Akwatin Tambayoyi: Wa Ke Riƙe da Ragamar Agajin Gaggawa, Kuma Ina Yake Maƙalewa?

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato agajin da ake kawowa idan bala'i ya faɗa wa jama'a. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Lokacin ambaliyar Maiduguri na ga motocin ƙungiyoyi kala-kala, kowace da tambarinta. Wata unguwa an kai mata kaya har sau uku, wata ko tabarma ba ta gani ba. Shin babu shugaba ne a wannan aiki? (Daga wata malamar makaranta, Maiduguri)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya mayar muku da alherin abin da ruwan madatsar Alau ya ci a Satumbar 2024. Akwai shugaba, kuma a ƙa'ida gwamnatin ƙasar ce. Tsarin da duniya ke bi ya samo asali daga ƙuduri mai lamba 46/182 da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar ranar 19 ga Disamba 1991, bayan ruɗanin da aka gani wajen agaza wa Kurdawan Iraƙi da suka tsere kan duwatsu a wannan shekara. Ƙudurin ya ɗora wa ƙasar da abin ya shafa alhakin fara aikin da tsara shi, ya kuma ce agajin waje zai shiga ne da yardarta. A Najeriya ke nan NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999, sai SEMA ta jiha, sai kwamitin ƙaramar hukuma, wanda a wurare da yawa a takarda kawai yake raye.

A ɓangaren baƙi, ƙudurin ya ƙirƙiro kujerar babban jami'in tsara agajin gaggawa, wanda ofishinsa ya koma amsa sunan OCHA a 1998. OCHA ba ta raba ko mudu ɗaya na hatsi. Nata shi ne tara bayanai, kiran taro, rubuta takardar neman kuɗi, da neman wa ma'aikata hanyar shiga. Ba ta da ikon ba kowace ƙungiya umarni, domin kowace ƙungiya wanda ya ba ta kuɗi take yi wa bayani. Nan gizo ke saƙar.

Daga 2005 aka kasa aikin rukuni-rukuni, aka fara gwadawa a girgizar ƙasar Pakistan ta Oktoban wannan shekara. Abinci yana hannun hukumomin abinci da noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP da FAO, lafiya hannun WHO, ruwa da tsafta da cimar yara hannun UNICEF, kariyar jama'a hannun hukumar 'yan gudun hijira, UNHCR, jigilar kaya da sadarwa kuma WFP. A arewa maso gabashin Najeriya ma'aikatun gwamnati ne ke jagorancin rukunan tare da waɗannan hukumomi. Idan bala'i ya zo bagatatan, ana so cikin kwana 3 a fitar da bayanin farko na girman ɓarna, cikin kwana 5 a fitar da takardar neman kuɗi ta gaggawa, cikin mako 2 a kammala binciken haɗin gwiwa. Zuciyar aikin kuwa wani jadawali ne mai sauƙi: wa ke yin me, a ina, yaushe, ga mutum nawa. Da shi ake gane unguwar da aka maimaita da wadda aka tsallake.

To me ya sa kika ga abin da kika gani? Na farko, jadawalin wanda ya zo taro ne kawai ke cika shi. Attajiri da ɗan siyasa da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai sukan loda mota su raba su tafi, babu wanda ya rubuta. Na biyu, mota tana tsayawa inda kwalta ta ƙare, kuma sansanin da ke bakin titi shi 'yan jarida ke gani. Na uku, wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, yawancin waɗanda suka rasa muhalli ba sansani suke zuwa ba. Gidan yaya ko ƙani suke raɓawa, mutum ashirin a ɗaki biyu, kuma ba sa cikin lissafin kowa. Sai kuma matsalar rajista: ƙungiya uku, takarda uku, an rubuta mutum ɗaya Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a ta uku, ya karɓa sau uku, bazawarar da ba ta iya turereniya ba ta koma hannu rabbana.

Harshe ma yana korar mutane. A Haiti bayan girgizar ƙasar Janairun 2010, tarurrukan rukuni da yawa da Turanci aka yi su, a cikin sansanin Majalisar Ɗinkin Duniya da ba kowa ke iya shiga ba, alhali mutanen ƙasar Kiriyol da Faransanci suke ji.

Abin da za ki iya yi, Malama, idan Allah ya kiyaye aka sake: ku haɗu da bulama da mata biyu ko uku na unguwa ku bi gida-gida, ku rubuta sunan maigida ko uwargida, yawan mutane, yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, naƙasassu, da gidan da suka sauka. Ku kai kwafi ga SEMA, ku riƙe kwafi. Takarda mai adadi tana shiga jadawali, koke na baki kuwa a bakin ƙofa yake tsayawa.

Tambaya: Mu 'yan kasuwar hatsi tun kaka muke sanin shekarar da za a sha wuya. Yaya manyan hukumomi masu tauraron ɗan'adam sai yara sun fara mutuwa suke zuwa? (Daga wani ɗan kasuwa, Maraɗi)

Amsa: Alhaji, su ma sun sani. A ƙasashen Sahel da Afirka ta Yamma akwai tsarin auna ƙarancin abinci da CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari ta ƙasashen Sahel, ke jagoranta, ana zama sau biyu a shekara, wajen Oktoba ko Nuwamba bayan girbi, sai Maris. Ana kasa yankuna mataki 5, kuma tun zaman bayan girbi ake hasashen yadda watannin Yuni zuwa Agusta za su kasance, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon amfani bai nuna ba.

Garinku ya ga misalin da har yau ake koyarwa. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a Nijar, ga fara. Gwamnati ta nemi taimako tun Nuwamba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16 a Mayun 2005, amsar ta zo da sanyin jiki, sai da hotunan yaran Maraɗi suka fita a talabijin a Yuli kuɗi suka fara kwarara. Kafin nan an dage kan sayar da hatsi a farashi mai rahusa maimakon rabawa kyauta, alhali talaka ya riga ya sayar da akuyarsa, ko rahusar ba ya iya biya. Hatsi yana kasuwa, farashin ne ya fi ƙarfin mutane. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar.

Jinkirin yana da gaɓoɓi. Takardar neman kuɗi roƙo ce, ba haraji ba, babu ƙasar da doka ta tilasta wa ta bayar. Bayan alkawari sai an sa hannu kan yarjejeniya, sai kuɗi su shiga asusu, sai a ba da kwangilar saye, sai jirgin ruwa, sai kwastam a Kwatano ko Lome, sai tirela ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000. Daga ranar da kuɗi suka tabbata zuwa ranar da buhu ya sauka a ƙauye, wata 3 zuwa 4 ba abin mamaki ba ne. Kuɗin da aka bayar a Yuli, abincinsu da sabon gero zai iso tare, ya karya wa manomi farashi. Shi ya sa kuɗin bazara ya kamata su fito tun Janairu ko Fabrairu, a kai kaya sito kafin damina ta yanke hanya.

Akwai kuma tarkon kalmar “yunwa”. A ma'aunin duniya ba a ayyana mataki na 5, wato yunwa, sai abu uku sun haɗu: gida 1 cikin 5 ya rasa abinci kwata-kwata, yara 30 cikin 100 sun rame da tamowa, kuma mutum 2 cikin kowane 10,000 suna mutuwa kullum. Wanda ya jira wannan sanarwa ya yi ihu bayan hari. A Somaliya an ayyana yunwa a Yulin 2011, mutane kusan 260,000 suka rasu, kuma kusan rabinsu kafin sanarwar suka rasu. Gwamnatoci ma sukan tsani kalmar saboda siyasa, kamar yadda Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa ana yunwa a 2005.

Darasin Nijar yana cikin abubuwan da suka sa aka faɗaɗa asusun gaggawa na CERF, wanda ya fara aiki a sabon salo a Maris 2006. Kuɗi ne da ƙasashe ke zubawa tun kafin komai ya faru, ana iya sakin su cikin 'yan kwanaki, a kashe su cikin wata 6. A 2016 aka ɗaga burinsa zuwa dala biliyan 1 a shekara. Yana tayar da aiki, amma ba ya iya riƙe shi shi kaɗai.

Tambaya: Ina karatun kiwon lafiyar al'umma. Idan mutum 10,000 suka sauka a fili rana ɗaya, me ake lissafawa, kuma da me ake farawa? (Daga wani ɗalibi, Zariya)

Amsa: Madalla da tambaya. Ma'aunin da aka fi bi shi ne na Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji suka fara tsarawa a 1997 bayan abin da ya faru a Goma, a gabashin Kongo. A Yulin 1994 ɗaruruwan dubban 'yan Ruwanda suka kwarara can, cikin wata ɗaya kusan 50,000 suka mutu, akasari da kwalara da atini. Ruwa da bayan gida ne suka kashe su. Saboda haka da ruwa ake farawa.

Mutum ɗaya lita 15 a rana, na sha da girki da wanka. Naka lissafin lita 150,000 ke nan kullum, wato sawu 15 na tanka mai cin lita 10,000. Jigila da tanka tana cin kuɗi sosai, ranar da mota ta lalace ko mai ya yanke sansani ya kwana da ƙishi, don haka tun makon farko ake neman mai haƙa burtsatse. Kan famfo ɗaya na mutum 250, kana bukatar 40. Idan famfon tuƙa-tuƙa ne, ɗaya na mutum 500. Kada nisan ruwa ya wuce mita 500 daga bukka, kada layi ya wuce rabin awa, in ba haka ba mata za su koma kududdufi. Ana zuba sinadarin kulorin, a jira minti 30, a auna: abin da ya rage a ruwan ya zama miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, a ƙara idan kwalara ta ɓulla. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba kulorin a ruwa mai gurɓi. Lakar tana cinye shi, sai an fara kwantar da ita da alif. Kuma ruwa mai tsabta yakan gurɓata a gida, a bokiti marar murfi da kowa ke tsoma moɗa, shi ya sa ake raba jarka mai ƙaramin baki.

Masai: a kwanakin farko ɗaya ga mutum 50, wato 200, daga baya ɗaya ga mutum 20, wato 500. Ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya, kada ya fi mita 50 daga masauki. A ware na mata, su fi na maza yawa, a sa sakata daga ciki da fitila. Masan da ba shi da sakata mata ba sa shigarsa da dare, kuma wanda ba a naɗa mai wanke shi ba cikin mako ɗaya ake ƙaurace masa.

Abinci: kalori 2,100 ga mutum a rana. Wani sanannen kaso shi ne hatsi giram 400, wake 60, mai 25, garin kunu mai ƙarin sinadarai 50, sukari 15, gishiri 5. Jimla giram 555, wato tan 5 da rabi kullum, wajen tan 166 a wata, kusan tirela 6 masu ɗaukar tan 30. Hatsin kaɗai buhu 2,400 ne mai kilo 50. Gida mai mutum 5 zai karɓi kilo 60 na hatsi, kilo 9 na wake da wajen lita 4 na mai a wata. Amma ka tuna ba a cin tsaba ɗanya. Idan babu kuɗin niƙa, itace da kayan miya, iyali za su sayar da wani kaso, abincin wata ya ƙare a mako 3.

Fili: murabba'in mita 45 ga kowane mutum idan an haɗa da hanyoyi, makaranta da asibiti, wato hekta 45. Ƙarƙashin rufi kuma murabba'in mita 3.5. Tamfol 2 ga kowane gida, 4,000 ke nan, a bar tazara tsakanin bukkoki saboda gobarar hunturu.

A ɓangarenka na lafiya, rigakafin ƙyanda ga yara daga wata 6 zuwa shekara 15 yana cikin ayyukan farko, tare da bitamin A, kuma allurar tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Ana auna damtsen yaro da tef mai launi: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Maganinta curin gyaɗa da madara da mai da sukari, ƙulli ɗaya giram 92 mai kalori 500, katan mai ƙulli 150 yana isar yaro ɗaya jinyar mako 6 zuwa 8, muddin ba a raba shi da 'yan'uwansa ko an kai kasuwa ba. Sannan ka riƙa ƙirga kaburbura. A mutum 10,000, idan mamata sun wuce 1 a rana, abu ya ɓaci.

Tambaya: Mu a Zamfara an kore mu daga gonaki, yaranmu suna tamowa, amma kullum Borno ake ambata. Laifin me muka yi? (Daga wani magidanci, Gusau)

Amsa: Malam, ba ku yi laifin komai ba, kuma kokenku yana kan hanya. Shirin agaji na shekara-shekara da Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa a Najeriya, har zuwa na 2025, jihohi uku ya tsaya a kai: Borno, Adamawa da Yobe. Na 2025 ya nemi dala miliyan 910 don mutum miliyan 3.6. Yankin da ba ya cikin shirin ba ya cikin takardar da masu ba da kuɗi ke dubawa. MSF, wadda ke da cibiyoyin tamowa a Katsina, Zamfara, Sakkwato da Kabi, ta sha kokawa a fili kan wannan tun 2022.

Hujjar da ake bayarwa ita ce matsalar arewa maso yamma ta talauci ce da 'yan bindiga da raunin mulki, aikin gwamnati da hukumomin raya ƙasa. A ganinmu hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin ƙa'idar agaji ta ce bukata ake dubawa, kuma damtsen yaro santimita 11 ɗaya ne a Shinkafi da Bama. Sai dai a faɗi ɗaya gefen: faɗaɗa shiri yana bukatar gwamnati ta nema, kuma jihohinku suna da kasafin da ya kamata a ga abincin tamowa a cikinsa.

Ga kuma halin da aljihun duniya ya shiga. A 2025 an nemi dala biliyan 47 don mutum miliyan 190. Amurka, wadda ta ba da sama da kashi 40 cikin 100 na kuɗin agaji a 2024, ta rushe hukumarta ta USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage. A watan Yuni aka zaftare shirin zuwa dala biliyan 29 don mutum miliyan 114. A Yuli WFP ta yi gargaɗin dakatar da tallafin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas ɗin da kuke gani kamar an fifita. Dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta zango tana son tara tufafi da magunguna ta aika wa 'yan Sudan da ke gudun hijira a Chadi. Ta ina za mu bi? (Daga sakataren wata ƙungiya, Kumasi)

Amsa: Allah ya saka da alheri. Shawararmu ita ce ku sayar da kayan a Kumasi ku aika kuɗin. Adre, inda ɗaruruwan dubban mutanen Darfur suka tsallako tun 2023, tana can ƙarshen gabashin Chadi. Kwantena za ta sauka Duwala, ta hau mota ta ratsa Kamaru zuwa Njamena, sannan ta kama hanyar Abeche, tafiyar makonni, damina kuma ta tsayar da ita a bakin rafi. Kuɗin motar zai ninka darajar gwanjon. Idan kuma babu ƙungiya mai rajista da ta amince a rubuce za ta karɓa, babu takardar yafe haraji, kayan za su zauna a tasha kuɗin ajiya yana hawa.

Magani ya fi haɗari. Bayan girgizar ƙasar Armeniya a 1988 an aika tan 5,000 na magunguna da kayan asibiti, mutum 50 suka yi wata 6 suna tantancewa. A Bosniya an tara kimanin tan 17,000 na maganin da ba shi da amfani, ƙona shi kansa ya zama wani nauyi. Daga nan WHO ta fitar da ƙa'ida a 1996: a aika abin da aka nema kawai, ya kasance cikin jerin magungunan ƙasar, da sauran aƙalla shekara 1 kafin ya lalace a ranar da ya isa, da rubutu a harshen da ma'aikatan wurin ke karantawa. Ragowar maganin gida ba ya shiga. Madarar gwangwani ta jarirai ma kada ku saka: a inda ruwa ba shi da tsabta, gudawa take jawowa, ta kuma sa uwa ta daina shayarwa.

Tamfol, bargo da tukwane kuwa an riga an tanade su. Ɗaya daga cikin manyan rumbunan agaji da WFP ke kula da su yana nan Akara, sauran suna Dubai, Brindisi, Panama da Kuala Lumpur. Abin da ke hana kaya tashi daga can yawanci kuɗin jigila ne.

Tambaya: Kati mai kuɗi ko buhu, wanne ya fi? (Daga wata uwargida, Damaturu)

Amsa: Hajiya, kasuwa ce ke yanke hukunci. Idan kasuwa tana ci, 'yan kasuwa suna iya ƙaro kaya cikin mako ɗaya ko biyu, kuma hanyar zuwa lafiya lau ce, kuɗi sun fi: babu hayar tirela, kina sayen abin da gidanki ke ci, ɗan tireda na gari ma ya samu. Idan gari a killace yake, 'yan kasuwa uku ne ke da kaya, ranar da kuɗi suka shigo farashi zai tashi, nan buhu ya fi. Inda kati ke cutar da mutane shi ne a ƙayyade adadin a Janairu a bar shi haka har Agusta, bayan mudu ya ninka. Dole a riƙa bin farashi kowane wata ana gyarawa. Kada ki ba kowa lambar sirrinki, kuma duk wanda ya nemi wani abu a wurinki kafin ya sa sunanki, kuɗi ne ko abin da ya fi kuɗi muni, ya karya doka, ki kai ƙara ta lambar koke da ke jikin katin ko allon wurin rabo.

Tambaya: Mu ne ke shiga ƙauyukan da baƙi ba sa shiga, amma kuɗi a hannunsu suke, mu sai ɗan abin da suka yaga mana. Ina alkawarin da aka yi? (Daga shugabar wata ƙungiyar mata, Yola)

Amsa: Alkawarin yana nan a rubuce, Hajiya. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a Mayun 2016, manyan masu ba da kuɗi da hukumomi suka amince cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin gida ta hanya mafi kusa. Shekarar ta zo ta wuce, abin da ke zuwa kai tsaye bai kai ko kashi 5 ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma har yanzu ɗan kwangila ake mayar da shi. Dalilan da ake faɗa: ma'aikatar da ke da ma'aikata kaɗan ta fi son sa hannu kan yarjejeniya 10 manya da 500 ƙanana, ga tsoron dokokin hana kuɗi faɗawa hannun 'yan ta'adda.

Ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce asusun agaji na Najeriya da OCHA ke gudanarwa, wanda aka ƙaddamar a taron Oslo na Fabrairun 2017. Kafin a saurare ku za a duba rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, rahoton mai binciken kuɗi na waje, rubutacciyar dokar saye da ta hana cin zarafin masu karɓar agaji. Daga nan a ba ku matsayin haɗari, wanda shi ke nuna iyakar abin da za a ba ku da kashi nawa za a biya. Inda ƙungiyoyi suka fi faɗuwa: shugaba da ma'aji 'yan gida ɗaya, rasit babu, kuma ba a taɓa ganinsu a taron rukuni ba. Ku riƙa zuwa taron, ku riƙa aika rahoton wata ko da kuɗinku kuka yi aikin. Idan kuma babbar ƙungiya ta ba ku aiki, ku nemi kasonku na kuɗin gudanarwa a rubuce, domin da shi ake biyan haya, akawu da mai gadi.

Tambaya: Idan an yi taro aka ce an tara wa ƙasa biliyoyi, kyauta ce? Kuma babu wata dabara da ƙasashenmu za su daina jiran roƙo? (Daga wani ma'aikacin gwamnati, Damagaram)

Amsa: Ranka ya daɗe, a duba ƙananan rubutun. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ɓarna da asara suka kai wajen dala biliyan 30. A taron Janeba na Janairun 2023 an yi alkawarin sama da biliyan 9, ministan kuɗin ƙasar da kansa ya ce kusan kashi 90 cikin 100 rance ne. Wani lokaci kuma tsohon alkawari ake sake ƙirgawa. Tambaya uku ake yi wa kowane adadi: nawa ne kyauta, nawa ne sabo, cikin shekara nawa za a biya.

Ƙasa marar teku tana da ƙarin rauni, kun kuma gani da idonku. Da ECOWAS ta rufe iyakoki a ƙarshen Yulin 2023, motocin abinci da magani suka yi cirko-cirko a Malanbil ta ƙasar Benin, gadar Gaya tana gabansu, sai aka koma zagayawa ta Togo da Burkina Faso da ƙarin kuɗi da haɗari. Wannan kaɗai hujja ce ta dabarar farko: riƙe rumbun ƙasa cike, irin wanda OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta Nijar, ke kula da shi, da saye daga manoman gida a kaka.

Dabara ta biyu ita ce sakin kuɗi bisa hasashe. A Yulin 2020 CERF ta saki dala miliyan 5.2 a Bangladesh da ma'aunin kogi ya nuna ambaliya na tafe, mutane suka karɓi kuɗi kafin ruwa ya kai ƙololuwa, suka kwashe dabbobi da hatsi. Sharaɗin shi ne a amince tun da wuri kan alamar da za ta sa a saki kuɗin, da sunayen waɗanda za a ba, da wanda zai raba.

Ta uku inshorar fari ce ta Tarayyar Afirka, ARC. Ƙasa tana biyan kuɗin shekara, tauraron ɗan'adam yana auna ruwan sama, idan ya gaza wani ma'auni a biya ta ba tare da jiran mai duba gona ba. A farkon 2015 ta biya Senegal, Muritaniya da Nijar kimanin dala miliyan 26, Nijar ta samu wajen miliyan 3.5. Amma ma'aunin yana iya kuskure. A Malawi a 2016 fari ya ci gonaki, na'ura ta ce babu abin biya, saboda an saita ta kan masara mai daɗewa alhali manoma sun koma shuka mai saurin nuna, wadda yankewar ruwan ta same ta a mummunan lokaci. Sai da aka gyara lissafin aka biya dala miliyan 8.1 a farkon 2017, watanni bayan lokacin da aka fi bukata. Duk ƙasar da za ta shiga, malaman gonarta su zauna a kan saitin kowace shekara: wane iri ake shukawa a kowace gunduma, kwana nawa yake yi, kuma yaushe ake shuka.